Hancin Maman 'Yan Biyu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gidan ƙanƙara. Yaya gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau. Baban Auta yana gaishe ka, yana nan yana fama da shagonsa na cika tukwanen gas. Auta ta shiga aji biyu, baki ya buɗe, ba ya rufuwa sai ta yi barci.

Na san rabon da in rubuto maka tun rasuwar Inna, na kuma san za ka ce ba a tuna ka sai abu ya lalace. Ka faɗa, ba zan musa ba. Da tuni na kira ka, to amma kai da waya sai dai mutum ya yi ta ihu, maƙwabta su ji, kai ba ka ji ba. Ga shi inda kake ko sabis babu. Shi ya sa na tare direban motar kifinku na ba shi wannan.

Ban sani ba ko labari ya kai maka, yanzu ni direba ce. Ƙaramar bas muka samu, irin mai ƙofar ja ɗin nan, nake kai yaran unguwa makaranta in ɗauko su. Su takwas ne har da Auta. Iyayensu ba don kyauna suka ba ni su ba, don esin motar ne, wato na'urar sanyaya iska, saboda babbar motar makaranta tanda ce mai taya.

To Kawu, esin nan ya mutu. Ran Litinin muna tsakiyar cunkoso a kan gada, rana ta take, sai na ji iskar da ke fitowa ta koma kamar an buɗe murfin tukunya. Na murɗa, na danna, na kashe na kunna, babu. Fanka tana hurawa da ƙarfinta, amma zafi take hurawa. Tagogin baya kuwa ba sa sauka, ɗan buɗewa kawai suke yi. Kafin mu sauka gadar nan rigunan yara sun jiƙe sharkaf, ƙaramin cikinsu ya yi amai a kan takalmin yayansa. 'Ya'yan mutane ne fa.

Iyaye sun yi mini magana, wasu da daɗi wasu ba daɗi. Sun ce in ban gyara ba kafin ƙarshen wata za su kwashe yaransu. Na kai ta wurin masu gyara biyu. Na farko ya ce kwamfuresa ce ta mutu, na biyu ya ce komai da komai sai an canza, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗaga bonet.

Kai ka tsufa a cikin injin sanyi. Ka gaya mini abin da zan duba da idona, yadda ba wanda zai mai da ni sakarya. Ba na son in rasa yaran nan, Kawu, na saba da hayaniyarsu.

'Yarka,
Maman Auta

* * *

Zuwa ga Direba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo tana ƙarnin kifi, amma na karanta na maimaita. Lafiyata ƙalau, gwiwa tana nan tana mulkinta. Ki gaida Baban Auta, ki ja mini kunnen Auta a hankali.

Direba! Ke? Yarinyar da aka ɗora a keke ta yi ta kururuwa har Innarki ta fito ba ɗankwali? Na ajiye takardar na yi ta dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo. Zancen rashin zumunci kuma na yafe. Ni da Innarki kakanmu ɗaya, ko shekara nawa kika yi shiru ke 'yata ce.

Kada ki bari kowa ya kwance miki komai tukuna. Ki tada mota, ki ɗaga bonet, ki sa Baban Auta ya danna maɓallin esi ke kina tsaye a gaba. Akwai wani ƙarfe mai faifai a goshinsa, bel yana zagaye da shi, ita ce kwamfuresa. In an danna za ki ji ƙas, faifan ya fara juyawa. Ni na daina jin wannan ƙas ɗin tun da daɗewa, da ido nake aiki, amma ke kunnenki sabo ne. In ba ta motsa sam ba, ki buɗe akwatin fiyus, akwai zane a murfinsa, ki zaro na esi ki ɗaga shi a haske ki ga ko zaren cikinsa ya tsinke. In kuwa tana kamawa tana saki, to ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji, gas ɗinta ya yi ƙasa.

Ki leƙa gaban lagireto, akwai wata raga a wurin. In leda ko laka ta toshe ta ki wanke a hankali, ki kuma duba ko fankar bayanta tana juyawa. Bayan akwatin da ke gaban fasinja akwai matatar iska, ki zaro ta, na rantse tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa gaishe ta. Sannan ki taɓa bututu mai kauri da ke jikin kwamfuresa, ki kula kada bel ya kama mayafinki. Ya kamata ki ji shi da sanyi har yana gumi.

Ga babban abin. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar fetur, in ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Yana fita tare da ɗan mai, saboda haka ki bi bututun kina neman inda ya yi maiƙo datti ya manne. Irin motarki esi biyu gare ta, gaba da baya, bututun na baya kuma ta ƙarƙashin mota yake bi, a nan ya fi hujewa. Ki shimfiɗa kwali ki kwanta ki duba. In kin ga wurin da kike zargi, ki shafa kumfar sabulu ki zuba ido.

Ki rubuto mini abin da kika gani, ba abin da kike tsammani ba.

Kawunki

* * *

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai bayana da ke ciwo saboda kwanciya a ƙarƙashin mota, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Auta ta ce ita ba a ja mata kunne ta takarda, ka zo da kanka.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuresa tana da rai! Ƙas ta kama, ƙas ta saki, yadda ka faɗa. Mutumin nan da ya ce ta mutu, da na biye masa fa? Fiyus lafiya, fanka lafiya. Matatar iska kuwa, da na zaro ta sai da na ja da baya. Baƙa ƙirin, ga takardun alawa, har da fensir. Ta yaya fensir ya shiga can, Allah kaɗai ya sani. Bututu mai kauri ba sanyi ko kaɗan.

A ƙarƙashi na kama ɓarawon. Daidai bayan tayar baya ta dama, inda bututu ya lanƙwasa ya shige jikin mota, wurin ya yi maiƙo. Na shafa kumfa, sai ga ta tana tashi tana fashewa. Na yi ihu har Baban Auta ya fito da gudu, ya zaci mota ce ta faɗo mini.

Shi ma ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ran Asabar ya karɓi makulli ya fita da ita, ya dawo yana murmushi ya ce in shiga. Kawu, sanyi! Sanyi har cikin ƙashi, ya fi na da. Na ce wa ya gyara, ya ce ni dai in ja motata, sauran in bar masa. In an kwana biyu sanyin yakan ragu, sai ya sake fita da ita da sassafe ya dawo da ita garau. Yanzu yara har rigar sanyi suke sawa, kafin mu kai gida rabinsu sun yi barci. Auta ta mai da kujerar baya gadonta, can lungun dama take naɗewa, ta yi matashi da jakarta.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Akwai wata Maman 'Yan Biyu, yaranta ne na ƙarshen sauka. Shekaranjiya ta tare ni a ƙofar gidanta, ta sunkuya ta shinshina kan yaranta a gabana, ta ce, "Maman Auta, me ya sa yaran nan suke dawowa suna warin gas? Kuma kullum sai sun ce kansu na ciwo." Ka ji fa! Don ta san sana'ar mijina shi ne za ta goranta mini a gaban yara. Na ce mata, "Gas ɗin da kike rainawa da shi kike dafa abin da kike ci." Na ja ƙofata na tafi. Ƙaramin ciki gare ta, an ce ko ruwan famfo wari yake mata. Ni na shiga motar nan na shaƙa na sake shaƙa, ban ji komai ba. Baban Auta ma ya ce bai ji ba.

Yanzu mene ne na gaba?

'Yarka,
Direba, tunda ka naɗa ni

* * *

Direba,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sai aiki. Injin babban ɗaki ya yi mana tawaye, da kyar muka ceci kifin mutane. Shi ya sa amsar ta yi jinkiri.

Aikinki ya yi kyau, da kina kusa da na ɗauke ki aiki. Amma abin da Baban Auta yake yi wahalar banza ce. Na gane, wurin masu esi yake kai ta suna ƙara mata gas, su kuma ba za su ce ya daina ba tunda yana dawowa. Bututu a huje, ana zubawa yana zurarewa, har yaushe? Ki ce na ce ya huta.

Ki nemi mai walda wanda ya iya aikin alminiyom, ba mai ƙera ƙofa ba, ki nuna masa wurin. Ya fara kwance noti ya saki sauran gas ɗin da ke ciki, sannan ya sa wuta ya like hujin. Gas ɗin esi ba ya kamawa da wuta, kada ki ji tsoro, sai dai kada a tsaya ana shaƙar hayaƙinsa. Bayan nan a kai ta a zuƙe iskar ciki, a cika ta, a huta. Kafin lokacin ki riƙa rufe tagogi ruf, ki danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota, sanyin zai fi daɗewa.

Zancen Maman 'Yan Biyu kuwa, ki yi haƙuri da ita, mai ciki ba a biye mata. Lokacin da matata take da cikin fari korata ta yi daga ɗaki, wai ina warin ƙarfe. Gas ɗin esi ba shi da wani warin da za a ji a kan yaro. Ina jin kayan aikin Baban Auta ne yake bari a mota. Ki wanke kujeru, ki gaishe ta da fara'a, magana ta wuce.

Kawunki

* * *

Kawu,

Barka da aiki, Allah ya ba gwiwa haƙuri. Muna lafiya. Takardarka ta iso jiya, na karanta wa Baban Auta. Da na zo inda ka ce wurin masu esi yake kai ta, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce in rubuta maka ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin masu esi ba, kuma yau zai ba tsohon injiniya mamaki.

Ashe shagonsa yake kai ta! Ya ce shekara da shekaru yana kallon yadda tukunyar gas take yin raɓa, har ƙanƙara ta kwanta a jikinta in ana juye ta da sauri, yatsunsa sun sha ƙagewa da sanyinta. Sai ya ce a ransa, abin da ke daskarar da ƙarfe ai zai sanyaya mota. Ya haɗa wani tiyo da kansa, yake ɗura mata na girki daga babbar tukunyarsa. Kawu, ka ji ƙwaƙwalwa! Ni kaina sai da na riƙe baki. Duk zamana da mutumin nan ban san haka yake da basira ba. Ya ce in ka zo zai nuna maka, wataƙila ku ma a gidan ƙanƙara ku koma amfani da shi.

Amma ya yarda da maganarka, a like hujin ya huta da fitar sassafe. Na ce masa wutar walda fa? Ya ce ai Kawu ya ce a fara sakin na ciki, in ya fita shi ke nan, shi da yake wuni a cikin gas me ya same shi? Na samu mai waldan, kan hanyarmu yake, kafin gidan su 'Yan Biyu. Ya ce aikin ɗan kaɗan ne, ba ma sai an sauke yara ba. Ran Alhamis in na sauke sauran zan biya da Auta da 'Yan Biyu, su yi barcinsu a baya, ya like mu wuce. Baban Auta zai cika ta da safen don kada su sha zafi a hanya.

Tagogi ina rufewa ruf yadda ka ce, sanyin ya ƙaru sosai. Na wanke kujeru, na gaida Mai Hanci da fara'a. Sunan da na sa mata ke nan. Ta amsa, amma har yanzu sai ta toshe hanci da mayafi in na buɗe ƙofa. Allah ya sauke ta lafiya mu huta.

'Yarka,
Direba

* * *

Maman Auta,

KADA KI KAI MOTAR NAN WURIN MAI WALDA. Kada ki tada ta. Kada ki sa ɗan kowa a ciki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban gaishe ku ba, ba zan iya ba. Gas na girki? A motar yara? A bututun da ke huje? Ina tsaye na buɗe takardarki, sai ganina na yi zaune a ƙasa.

Na ce na esi ba ya kamawa da wuta. Na girki kuwa aikinsa ke nan, kamawa! Kuma in an sake shi ba sama yake tafiya ba, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ƙarƙashin mota, ƙarƙashin kujera, yana jiran tartsatsi. Hujin nan yana daidai inda bututu ya shiga jikin mota, ke nan wani gas ɗin cikin motar yake zuba, daidai lungun da Auta take kwanciya. Barcin da yaran nan suke yi ba daɗin sanyi ba ne. Ciwon kan gaskiya ne. Ni kuma na ce ki rufe tagogi! Ya Allah.

Matar nan gaskiya ta faɗa, ku ne ba ku ji. Mijinki a cikin warin nan yake wuni, ke kike wanke kayansa, a gida ɗaya kuke kwana. Hancinku ya mutu kamar yadda kunnena ya mutu a ɗakin inji. Ya kamata in gane tun a waccan takardar, na tsaya ina ba ki labarin matata.

Ku tura motar fili da hannu, nesa da kicin da janareto, ku buɗe duk ƙofofinta, kada wanda ya ƙyasta ko ashana. Ki ce wa Baban Auta ba zaginsa nake ba. Gaskiya ne gas ɗin yana sanyi, amma ya manta ɗaya aikin nasa.

Direban kifi ya ce sai an gama lodi zai tashi, na roƙe shi har da hawaye. Ban san wace Alhamis kike nufi ba, takardarki ba kwanan wata. Allah ya sa ba wadda ta wuce ba ce.

Kawunki

* * *

Maman Auta,

Direban kifi ya dawo ba amsa. Ya ce ya sami gidanku a rufe, ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa, kuma bai ga mota a waje ba. Na hau bayan babur ɗin mai gadi muka je har inda ake samun sabis. Mai gadin ya kira lambarki ya sake kira, ya ce a kashe take. Ni ina tsaye ina kallon bakinsa. Ban taɓa jin haushin kunnuwan nan nawa irin na ranar ba.

Abinci ya ƙi shiga. Jiya na bar ƙofar ɗakin sanyi a buɗe, abin da ban taɓa yi ba. Duk yaron da na gani da jakar makaranta sai gabana ya faɗi.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko Baban Auta, ko maƙwabci, ko waye. In motar nan ta sake dawowa ba labari, zan bar musu kifinsu in biyo ta.

Kawunki

* * *

Kawu,

Auta tana da rai. Lafiyarta ƙalau, ga ta nan gabana tana zane a bayan ambulan ɗinka. 'Yan Biyu ma lafiya. Na fara da wannan don ka samu ka zauna. Takardunka duka suna hannuna. Ta gargaɗin a ƙarƙashin ƙofa na tsince ta, bayan komai ya riga ya faru. Muna asibiti wurin mai walda lokacin da direbanku ya zo. Wayata kuwa a cikin motar take.

Alhamis ɗin na je ɗaukar yara, sai na tarar da Maman 'Yan Biyu a ƙofar makaranta, ta zo da tasi. Ashe tun da na fara rufe tagogi yaranta suke dawowa suna amai. Ta riƙe hannayensu ta ce, "Maman Auta, ki yi haƙuri, yau ba za su shiga motar nan ba." A gaban iyaye, a gaban malamai. Na ji kamar ta mare ni. Na faɗa mata maganganu, Kawu, ba zan rubuta su ba. Ba ta rama ba. Sai Auta ta maƙale wa 'Yan Biyu tana kuka, wai ita ma sai ta shiga tasi. Matar nan ta dube ni ta ce, "Ki bar ta ta biyo mu, don Allah. Ki zage ni gobe ma, amma ki bar ta." Na ce su tafi. Don haushi na faɗa, ba don na yarda ba. Auta ta jefa jakarta da rigar sanyinta a lungunta ta ruga.

Na sauke sauran yara na wuce wurin mai walda ina ta huci. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti, abu ya yi ta fita har ya yi shiru. Ya ɗan yamutsa fuska ya ce yana jin wari, sai ya waiwaya ya dubi tukunyar waldarsa ya ce ita ce, kullum sai ta yi wannan warin. Ni ban gaya masa gas ɗin girki ne a ciki ba, ban ga dalilin faɗa ba. Na koma inuwa na tsaya. Ya kunna wutarsa.

Ba wata ƙara mai yawa. Bup kawai na ji, sai ga wuta shuɗiya ta shimfiɗu a ƙasa ta fito ta kowane gefen mota, kafin in ƙifta ido ta haye ciki. Ta taga na hango kujerar baya ta kama, lungun dama ya fi ko'ina ci. Ina kallon jakar Auta tana narkewa. Na san ba ta ciki, da idona na ga ta shiga tasi, amma na ruga ina fizgar ƙofa ina kiran ta, sai da aka riƙe ni. Mutane suka jawo mai walda ta ƙafa, suka kashe wutar da yashi da abin kashe gobara. Hannunsa da gefen fuskarsa sun ƙone. Likita ya ce zai warke, idonsa bai taɓu ba. Kullum muna wurinsa.

Baban Auta ya zo ya ga kujerar. Ya sa hannu ya ɗauko ƙarfen zif ɗin jakar, shi kaɗai ya rage, ya zauna a bakin titi. Har yau bai buɗe shago ba. Da na karanta masa takardarka na zo inda ka ce hancinmu ya mutu, ya ɗaga wuyan rigarsa ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Wallahi ba na jin komai." Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko a rasuwar mahaifinsa.

A ranar gobarar sai da yamma na iya zuwa ɗaukar Auta. Na biya gida na yi wanka na canza kaya tukuna, don kada yarinya ta tsorata. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Na ƙwanƙwasa, Maman 'Yan Biyu ta buɗe, ina jiyo dariyar Auta daga ciki. Ban ko buɗe baki ba, matar nan ta ɗan ɗaga hanci, fuskarta ta canza, ta ce, "Maman Auta, me ya ƙone?"

A bakin ƙofarta na durƙushe, ita da cikinta ta tsuguna ta riƙe ni tana cewa, "Tana nan, tana nan, ga ta can tana wasa." Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Har yau ba ta faɗa ba.

Washegari na bi gidajen iyayen yara ɗaya-ɗaya na gaya musu abin da 'ya'yansu suka yi ta shaƙa, da bakina, kafin su ji a gari. Wani ya rufe ƙofa a fuskata. Wata ta yi ta salati tana rungume da ɗanta. Duk sun mai da yaransu babbar mota, ni ma can na sa Auta. Ban ga laifin kowa ba.

Motar tana gareji, injinta lafiya, an ce bayan ne sai an sake. Ban sani ba ko zan ƙara ɗaukar ɗan wani. Jiya Maman 'Yan Biyu ta zo duba ni, na faɗa mata haka. Ta ce, "In an gyara ki kawo ta ƙofar gidana, ki rufe tagogi, in shiga in zauna. In na ce babu wari, 'Yan Biyu ne za su fara shiga." Ta shafa cikinta ta ce, "Amma ki hanzarta fa, in na haihu hancin nan ba lallai ya tsaya ba."

Kada ka bar aikinka, Kawu, ga shi ka ji. Amma in ka samu hutu ka zo ka tsaya a kan gyaran da kanka, ba na son kowa ya taɓa bututun nan sai kana wurin. Auta tana ta tambayar jakarta. Na ce mata ta ɓata, za a sayo wata. Ta ce to a sayo mai laushi, wadda ake iya yin matashi da ita.

'Yarka,
Maman Auta